Teburin Yaya da hunturu ya tsaga

Ni tela ne a Asawase cikin Kumasi, aikin katako kuwa sha'awa ce ta ranar Lahadi, a bayan gida. Na yi benci, na yi kujerun tsuguno, duk ba wanda ya ba ni kunya sai wannan teburi.

Yayata tana sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo. Teburinta na dā leda ake shimfiɗa masa, tukunya mai zafi ta ƙone ledar, man shito, miyar barkonon da ake zuba wa waakye, ya ratsa katakon har ya yi baƙi. Na ce mata, "Yaya, ki bar min, zan yi miki mai tayil a sama, wanda tsumma ɗaya zai goge." Ta ce Allah Ya yi albarka.

Na tafi kasuwar katako ta Sokoban, inda aka mayar da kafintocin Anloga, na zaɓi katakon odum, don katakon da ake kira wawa ba shi da ƙarfi kuma ƙwari na cinsa. Ƙafafu da firam ba su ba ni wahala ba. Saman kuma na jera falanki uku, na haɗa su da gam, na goge har ya yi sumul. Tayil takwas, kowane santimita 30 a 30, huɗu a tsawo biyu a faɗi. Na kwaɓa simintin tayil na shafa kai tsaye a kan odum ɗin, na jera, na cike tsakani da farin siminti, har bakin firam na cike dam ban bar ko tsinke ba. A watan Yuli ne, ruwan sama kusan kullum. Ban ma tambayi mai katakon ko ya bushe ba, nauyinsa da kyan launinsa kawai na duba.

Wata biyar teburin nan yana aiki. Masu saye suna tambayar wa ya yi, Yaya tana cewa ƙanenta ne.

Da hunturu ya kankama a Janairu sai ga kiranta da sassafe: "Zo ka ga teburinka." Tayil uku sun tsage a layi guda, daidai kan mahaɗar falanki, biyu kuma sun saki, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar fanko. Mai ya riga ya shiga tsagar. Ta mayar da leda a kai don kada masu saye su gani. Ledar nan ita ta fi yi min zafi, domin ita na yi alkawarin raba ta da ita.

Na koma Sokoban da hoto a waya, na nuna wa wani dattijo ɗan Zango da ya tsufa a sana'ar. Sai ya tambaye ni: "Wane wata ka liƙa?" Na ce Yuli, Baba. Ya ce, "A kan falanki?" Na ce e. Sai ya ɗauko guntun katako ya nuna min. Katako yana shan laimar damina ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Tayil ba ya kumbura, ba ya tsukewa. Ni kuma na sayi katako mai ɗanye-ɗanye, na ƙara masa ruwan siminti, na ɗaure tayil a kai tam. Da na dawo na auna saman, ya ragu da kusan milimita 4.

A na biyun firam da ƙafafun kawai na bari. Saman filawud ne mai kaurin milimita 18, wanda aka jera ɓawonsa gicciye, shi ya sa ba ya motsi irin na falanki. Na sa sanduna biyu a ƙarƙashi don kada nauyin tukunya ya lanƙwasa shi, domin lanƙwasa ma tana fasa tayil. Na shafe shi da maganin hana ruwa sama da ƙasa har gefuna, na bari ya bushe, sannan na yi amfani da simintin tayil mai ɗan taushi, wanda ya fi tsada. Kafin in yanka komai na jera tayil ɗin a ƙasa da tazararsu na auna, don tayil ne ke yanke girman teburi. Tsakanin tayil da firam kuma na bar milimita 3 a kewaye, na cike da silikon, mai taushi kamar roba, maimakon farin siminti. Na jira kwana ɗaya cur kafin in cike tsakani.

Duk wanda ya zo yanzu ya ce min odum ai ƙarfe ne, ba ya motsi, sai in kai shi bayan gida. Falankin nan uku suna jingine a bango, da ɓurɓushin siminti a jikinsu. Kuɗin tayil da na sake saya bai dame ni ba kamar makonni uku da Yaya ta yi tana sana'a a kan tsagaggen teburi saboda tambayar da ban yi ba.

Sabon ya ga hunturu biyu. Duk da haka, da na ga hazo ya sauko leɓe ya fara tsagewa, sai in bi ta Aboabo kafin in buɗe shago, in ƙwanƙwasa tayil takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Yaya takan ce, "Lafiyarsa ƙalau, zauna in zuba maka."