Takalmin da na hau Dutsen Olumo da shi

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowata daga Abeokuta, har yanzu a zaune nake sallah. Takalmi ne ya ja mini.

Sarin adire ya kai ni, rinin nan na Yarbawa da ake sayarwa a kasuwar Itoku. Na gama ɗaure kaya tun da hantsi, mota kuma sai dare, shi ne na ce bari in hau Dutsen Olumo. Mai masaukina a Sabo ya dubi ƙafata ya ce, "Alhaji, an kwana ana ruwa fa. Cire sau-cikin nan, ga kambas ɗin yarona." Na ce masa wanda ya tashi a gindin Dala ai ba a koya masa hawan dutse. Wannan maganar ita ta fi ci mini rai yanzu.

Dala matakala ce har sama. Olumo ma akwai matakala, har da na'urar ɗaga mutane da aka sa a 2006, amma ni tsohuwar hanya na zaɓa, wadda ke ratsa wani matsatsin tsagi tsakanin duwatsu biyu, sai ka karkace kafaɗa ka dafa da hannu. Kafin nan ɗan jagora ya shigar da ni kogunan da Egbawa, Yarbawan da suka kafa garin, suka ɓuya wajen 1830, lokacin da yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka koro su bayan rushewar daular Oyo. Sunan garin ma daga nan ya fito, Abeokuta, wato ƙarƙashin dutse. Rufin kogon gajere ne, dole ka durƙusa. A ƙasa akwai ramukan da mata suka riƙa niƙa barkono a ciki. Na sa hannu a ɗaya, sumul kamar cikin akushi. Tun a nan ya kamata in gane irin dutsen da nake takawa.

Sama kam, ba na nadamar zuwanta. Tsayin mita 137 ne, garin duka a shimfiɗe: rufin kwano masu tsatsa iya ganinka, duwatsu sun tsattsago tsakanin gidaje, Kogin Ogun ya yi ja saboda ruwan jiya. Ɗan jagora ya nuna mini babban masallaci da wajen fadar Alake, sarkin Egbawa. Ina tsaye aka fara kiran azahar, unguwa bayan unguwa, sautin yana hawowa da iska. Na daɗe ban motsa ba.

A saukowa ne abin ya faru. Wani ɗan gangare ne da bai kai taku biyar ba, gansakuka ta kwanta a gefensa, ni kuma waya a hannu ina duba hotuna. Ƙasan takalmin fata ba ya kama jiƙaƙƙen dutse ko kaɗan. Ƙafar dama ta tafi, ta hagu ta lanƙwashe a ƙarƙashina, na ji ƙas. Wayar ta daki dutse, gilashinta ya tarwatse. Samari biyu ne suka riƙo ni har ƙasa, Allah ya saka musu.

Targaɗe ne, ba karaya ba, alhamdu lillahi. Amma kwana uku na yi kwance a Sabo, kuɗin motar da na biya ya tafi, ga na mai ɗori, ga gyaran waya. Mai masaukina ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba, ruwan zafi kawai yake kawo mini safe da yamma.

Wanda zai je, ya sa takalmin roba mai kama ƙasa, ya jefa waya a aljihu har sai ya sauko, in kuma an yi ruwa ya bi matakala. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a lokacin gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida.

Mai ɗorin nan Kano ya ce sai na ƙara mako biyu kafin in taka sosai. Dilolin adire suna can shago, yara ne ke kwance su.