Yadda na kwashi mutum 14 zuwa Raleigh neman kuɗin da ke bayan gidanmu

Har yau in na tuna fuskar matar nan mai riƙe da agogon minti uku sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji. Ba ita ta yi mini laifi ba fa, wallahi mutunci ta yi mini, ni ne na ɗebo mutum 14 a mota uku tun da sassafe daga Greensboro zuwa Raleigh, babban birnin jiharmu ta North Carolina a nan Amurka, wani ya ajiye aikin sito, wani ya kashe Uber ɗinsa na yini guda, wata ta biya mai zama mata da yara, muka je muka roƙi mutane abin da ba a hannunsu yake ba.

Ni ne sakataren 'yar ƙungiyarmu ta nan, yawancinmu 'yan Nijar ne, Maraɗi da Damagaram da Tawa, sai 'yan Najeriya kaɗan da mutanen Zango na Ghana. Muna da wani ɗaki da muke haya a jerin shaguna, nan yara ke yin aikin makaranta da yamma, nan mata ke koyon Turanci ranar Asabar, suna da zaman makoki duk nan ne. Kuɗin haya ya yi ta hawa har karo-karon wata ya daina isa. Ana cikin haka 'yata da ke jami'a ta turo mini wata sanarwa a WhatsApp, wai jiha na neman ra'ayin jama'a a kan yadda za ta raba kuɗin da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ke ba ta, za a yi zama a Raleigh kowa ya samu minti uku ya yi magana, ta ce Baba duba ka gani, har da gina wuraren taruwar jama'a a ciki. Shi ke nan fa, daga wannan layin ban sake ganin komai ba.

Na je laburare na buga takardar tsarin rabon kuɗin gaba ɗaya, ta fi shafi ɗari, na kawo gida na ajiye a teburin kicin, amma gaskiyar Allah karatun da na yi mata shi ne na bin lambobi, duk inda na ga miliyan sai in ja layi da jan biro. Kuma dalar Amurka ake magana, ba dalarmu ta gida mai sefa biyar ba. Shirin da ya ɗauke mini hankali shi ne CDBG, tallafin raya unguwanni da aka kafa tun 1974, wanda a 'yan shekarun nan majalisa ke zuba masa wajen dala biliyan 3.3 a shekara. Na ga ana gyara titi da shi, ana ja ruwa, ana gina cibiyar unguwa, kuma doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari sai ya tafi ga masu ƙaramin ƙarfi. Na ce to ai mu ne, wa ya fi mu.

Mako uku na yi ina shiri. Na bi mutane bayan Juma'a ina karɓar sa hannu har muka haura ɗari, na rubuta jawabi 'yata ta gyara Turancin, kullum da dare maman yara ta kunna agogon waya ina karantawa tana tsayar da ni in na wuce minti uku, har ƙaramin ɗana ya haddace farkon jawabin yana kwaikwayona a bayi. Abu ɗaya ne ban yi ba a mako ukun nan, ban ɗaga waya na kira lambar da ke ƙasan sanarwar na ce mu 'yan Greensboro ne, wannan kuɗin ya shafe mu? ba. Minti biyu da sun ishe ni.

Ɗakin taron bai kai yadda na zata ba, kujeru ne jere da teburi ɗaya a gaba, mutanen ciki ba su fi ashirin ba kafin mu shiga, kuma da ganinsu ka san sun saba da juna, ma'aikatan ƙananan garuruwa da 'yan ƙungiyoyin agaji, kowa da fayil ɗinsa. Muka shigo da manyan riguna da mayafai, Alhaji shugabanmu a gaba da hularsa, kowa ya waiwayo. A lokacin daɗi na ji, na ce yau za su san muna garin nan. Wanda ya riga ni magana dattijo ne daga wani ƙaramin gari, a kan bututun ruwa da suka ruɓe ya yi magana, na bayansa kuma a kan gyaran rufin gidajen tsofaffi, har a raina ina cewa waɗannan ba su iya neman abu ba.

Na tashi na yi jawabina daidai minti uku, ko tuntuɓe ban yi ba, mutanenmu har da tafi. Matar mai agogon ta gode mini, ta rubuta wani abu, sai ta ce a hankali, wane gari kuka ce? Na ce Greensboro. Ta ɗan yi shiru, irin shirun likita, sannan ta ce za a sa maganata a rubuce kamar ta kowa, amma kason CDBG da ke hannun jiha ba ya zuwa Greensboro, birninku yana karɓar nasa kai tsaye daga HUD.

Ga yadda abin yake, tunda ni sai da na ƙona man mota uku na sani. Ana raba kuɗin CDBG gida biyu, kashi 70 cikin ɗari na tafiya kai tsaye ga manyan birane da manyan gundumomi, wato babban birnin yanki, ko birni mai mutum 50,000 zuwa sama, ko gundumar birni mai mutum 200,000 zuwa sama. Sauran kashi 30 ne ake ba jihohi su raba wa ƙananan garuruwa da karkara da ba su kai wannan ba. Greensboro kuwa a ƙidayar 2020 mutum kusan 300,000 ne a ciki. Wato su dattijon nan mai bututun ruwa da nake rainawa su ne masu ɗakin, ni ne baƙon da ya shigo bikin da ba a gayyace shi ba. Kuma ko su, ba ƙungiya jiha ke miƙa wa kuɗin ba, ƙaramar hukumar garin ce ke nema, ita kuma ta yi aikin ko ta ba wata ƙungiya. Duk wannan yana cikin takardar da ke teburin kicin ɗina, a shafukan da babu miliyan a jiki, waɗanda na tsallake.

Ban gama haɗiye wannan ba, muna fita wajen ajiye motoci 'yata ta buɗe shafin birninmu a waya, ta duba ta duba, ta ce Baba an rufe. Ashe birnin ma yana da nasa tsarin na shekara, da nasa zaman jin ra'ayi, da nasa kwana 30 na karɓar rubutu, kuma duk sun wuce a daidai makonnin da nake tsaye a kicin ina gwada murya. Ginin da aka yi zaman bai fi minti goma sha biyar daga ɗakin da muke haya ba. A hanyar komawa ba wanda ya ce uffan a motarmu har muka wuce Durham, sai Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, Sakatare, kaza ta kwana a kan dami ke nan. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya ma ba wannan ba ne. A wajen motocin, kafin mu tashi, wata mata baƙar fata mai aiki da wata ƙungiyar masu haya ta biyo ni ta ce ɗan'uwa ka yi magana mai kyau amma ka ɓarar da minti ukunka, ta karɓi takardata ta buɗe wani shafi ta nuna mini. Ashe tsarin jihar ba CDBG kaɗai ba ne, tukunya biyar ce a murhu ɗaya. Akwai HOME na gina gidaje masu sauƙin haya da taimakon kuɗin haya, akwai ESG na marasa matsuguni da waɗanda ake shirin kora daga gida, akwai HOPWA na masu ɗauke da cutar ƙanjamau, sai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a dokar 2008 aka fara raba kuɗinsa a 2016, shi kuma jihohi kaɗai ake ba, birni ba ya samun nasa daban, kuma na mutanen da samunsu bai wuce kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin samun yankinsu ba ne. Wannan na ƙarshen ana iya gina gida da shi a tsakiyar Greensboro, haka ma kason HOME na jiha. Ta ce mini mutanen nan da ka kawo, a ina suke kwana?

Na rasa abin cewa. A cikin mutum 14 ɗin nan akwai mai yara biyar a gida mai ɗaki biyu, maza a falo mata a ɗaki, ya shekara yana neman mai ɗaki uku ko huɗu da zai iya biya bai samu ba, akwai wadda mai gida ya ba takardar tashi a watan. Sun zauna a bayana sun yi shiru suna tafa mini ina roƙon zauren taro, alhali matsalar da ke hana su barci ita ce aka kira taron dominta, kuma kowannensu yana da nasa minti ukun da ban ce ya rubuta sunansa ya karɓa ba, don na ɗauka mutum ɗaya ke magana da yawun jama'a kamar a fadar sarki. Minti 42 muka bar musu a teburin.

Matar ƙungiyar masu hayar ce dai ta ce kar in karaya, karɓar ra'ayi a rubuce na jihar bai rufe ba, doka ta ce sai an ba jama'a aƙalla kwana 30 kafin a miƙa tsarin ga HUD, kuma rubutu da magana a taro nauyinsu ɗaya. Cikin kwanakin da suka rage muka rubuta wasiƙu, kowa tasa, ba takarda ɗaya mai sa hannu ɗari ba. Ta ce kar ku rubuta muna shan wahala a taimake mu, ku faɗi shafin, ku faɗi shirin, ku faɗi abin da kuke so a canza, misali a ba magini ƙarin maki in zai gina gidaje masu ɗaki uku zuwa sama. Ta kuma faɗa mini cewa yawancin gidajen haya masu sauƙi da rangwamen haraji ake gina su, shi kuma yana da nasa kundin dokoki na jiha da ake kira QAP mai nasa lokacin jin ra'ayi daban, sannan takardar Section 8, ta tallafin biyan kuɗin haya, da mutanenmu ke ta tambaya ba ta cikin ko ɗaya, hukumar gidajen gwamnati ta gari ke riƙe da ita. Kaina har ciwo ya yi. Ban ga laifin wanda ya ce ba zai iya bin wannan ba, sai ka ce da gangan aka warwatsa ƙofofin.

Bayan watanni 'yata ta turo mini tsarin da aka kammala, can ƙarshe akwai taƙaitawar ra'ayoyin da aka samu, don dole ne su saka har da waɗanda ba su karɓa ba da dalilin ƙin karɓa. Jawabina na mako uku ya zama layi biyu, amsarsa kuma layi ɗaya, a tuntuɓi birni. Maganar manyan iyalai ta fito ita ma, an ce an ji, za a duba. Ba zan ce muku an gina wa kowa gida ba, mai yara biyar ɗin nan har yanzu a ɗaki biyu yake. Amma dai ganin maganarsa a takardar gwamnati ya sa ya buga shafin ya ajiye.

Da shekara ta zagayo tun kafin sanarwa ta fito na kira ofishin birni, na ce a sa imel ɗina cikin waɗanda ake sanarwa, na tambayi ranaku, na tambaya ko za a samo mana tafinta in mun nema da wuri, don tsarinsu na shigar da jama'a dole ya faɗi yadda za a yi da waɗanda ba sa jin Turanci. Mun je mu tara, mutum shida sun yi magana, biyu da Hausa ana fassarawa. A nan ma na sha wani ruwan sanyin, kuɗin CDBG da za a iya kashewa a hidima irin karatun yara da ajin Turanci bai wuce kashi 15 cikin ɗari na kason birni ba kuma ƙungiyoyi masu shekara da shekaru ne ke layi a kai, sai ƙungiya tana da rajistar mara neman riba da lambar gwamnatin tarayya, galibi kuma kai za ka fara kashe kuɗinka ka kai rasit a biya ka, kuma ba a biyan karatun allo ko wani aikin ibada da shi, sai an raba lokaci ko wuri. Mu da asusunmu ke cikin littafin ma'aji da gwangwanin biskit.

Yanzu dai muna kan takardun rajistar, wata huɗu ke nan, kuma wata tsohuwar ƙungiya ta yarda ta riƙa turo malamar Turanci ɗakinmu ranar Asabar a ƙarƙashin nata tallafin. Kuɗin man Raleigh kuwa na ce zan biya daga aljihuna, Alhaji ya hana, ya ce a bar shi a littafi yadda ma'aji ya rubuta, shi kuwa abin da ya rubuta a gaban kuɗin shi ne yawon buɗe ido na Sakatare.