Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kufan Lebda a Bakin Bahar Rum

A makon jiya na tsaya a inda aikin birkila ya ɗauke ni daga Tarabulus zuwa garin Khums, mai nisan kimanin kilomita 120 ta gabas, shekaru kaɗan kafin rikicin Libiya na 2011. A gidan da muke haya akwai wani dattijo ɗan Damagaram wanda ya daɗe a ƙasar yana sayar da kayan koli, dukanmu Baba muke ce masa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni ya ce, "Ɗana, kai da gini ne abincinka, bai dace ka zauna a garin nan ba tare da ka je ka ga aikin maginan dauri ba." Kufan da yake nufi shi ne wanda Larabawa ke kira Lebda, Turawa kuma Leptis Magna, yana nan gab da gari a bakin Bahar Rum.

Fataken teku na Finiƙiya, mutanen yankin da Lebanon take a yau, su ne suka kafa garin wajen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya ya shiga hannun Rumawa. Abin da ya fara tarbarmu shi ne wata doguwar ƙofa mai baka huɗu a mararrabar manyan tituna biyu, wadda aka gina wajen shekarar 203 don girmama Septimius Severus. A nan Lebda aka haife shi a shekarar 145, ya hau gadon sarautar daular Rum a 193, ya rasu a garin York na Ingila a 211. Bai manta da mahaifarsa ba, domin ya zuba mata dukiya mai yawan gaske: ya yi mata sabon dandali, da doguwar hanya mai jerin ginshiƙai har bakin teku, da katafaren zauren shari'a wanda ɗansa Caracalla ya kammala a 216. Ginshiƙan zauren na jan dutse ne da aka yanko daga Aswan ta Masar. Na tsaya ina shafa mahaɗar duwatsun bango, inda aka sassaƙa kowane dutse ya zauna a kan ɗan'uwansa har tsinin wuƙa ba ya samun wurin shiga, sai jikina ya yi sanyi, don na san wahalar daidaita bulo ɗaya ko da ga siminti a hannu. Baba kuwa ya karanto ayar nan ta Suratur Rum da ke tambayar ko mutane ba su yi tafiya a bayan ƙasa ba su ga ƙarshen waɗanda suka gabace su, waɗanda suka fi su ƙarfi, suka nome ƙasa suka raya ta.

Mun ratsa ta gidan wankan da aka buɗe a zamanin sarki Hadrian wajen shekarar 127, mai ɗakunan ruwan sanyi da na ɗumi da na zafi, da kewaye mai kujerun dutsen mabul da magudanar ruwa a ƙarƙashinsu. Amma inda zuciyata ta tsaya ita ce kasuwa.

Kasuwar Lebda ta girmi gine-ginen Severus da fiye da shekara 200, kuma ba sarki ne ya gina ta ba. Wani attajirin garin ne mai suna Annobal Tapapius Rufus ya yi ta da kuɗinsa wajen shekara ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sannan bayan 'yan shekaru ya ƙara da dandalin wasan kwaikwayo mai fuskantar teku, aka rubuta sunansa da Latin da kuma harshen kakanninsa na Finiƙiya. Filin kasuwar mai kusurwa huɗu ne, da rumfuna biyu masu kusurwa takwas a tsakiya, da teburan dutse waɗanda aka sassaƙa ƙafafun wasunsu da siffar dabbar ruwa. A gefe ga wani dutse da aka fafe masa ramuka manya da ƙanana, su ne ma'aunan da hukuma ta yarda da su. Ga kuma allon dutse da aka zana ma'aunan tsawo uku a kansa, ɗaya bisa ɗaya: kamun Finiƙiya mai kusan santimita 51 da rabi, da takun Rumawa mai kusan santimita 30, da kamun Iskandariyya mai santimita 52 da rabi. Duk baƙon da ya sauko daga jirgi da ƙyallensa zai iya zuwa ya gwada da ma'aunin ƙasarsu a bainar jama'a. Ni ɗan mai awon hatsi ne, na tashi ina ganin irin rigimar da mudu ke haddasawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, saboda haka na gane nan take abin da dutsen nan ya raba mutane da shi. A ganina, garin da ya kafa ma'auninsa a fili inda kowa zai taɓa ya fi burge ni da wannan dutsen fiye da dukan mabul ɗin da sarki ya kawo masa.

Man zaitun shi ne ƙashin bayan arzikin Lebda. Ya isa shaida cewa a shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shugaban Rumawa Julius Caesar ya ɗora wa garin tarar man zaitun fam miliyan 3 na awon Rumawa a kowace shekara, don ya goyi bayan abokan gabansa. Daga kasuwa muka gangara tashar jiragen ruwa a bakin kwarin Lebda, wadda Severus ya faɗaɗa. Duwatsun ɗaure jirage suna nan da hudojinsu, dakalan sauke kaya ba su ko ci sosai ba, amma inda ruwa yake a da sai yashi da ciyawa, domin laka ta toshe tashar ba da daɗewa ba bayan gyaran. Daga nan al'amura suka riƙa ja da baya: girgizar ƙasa ta 365, da hare-haren ƙabilun cikin ƙasa, da mamayar 'yan Vandal, wata ƙabila daga Turai, a ƙarni na 5. Ko da rundunar Musulmi ta iso yankin wajen shekarar 643, ɗan ƙaramin gari ne ya rage. Rairayi ya rufe sauran, shi ne ma ya adana shi. Abin da ya leƙo waje kuwa an yi ta ɗiba: jakadan Faransa Claude Lemaire ya aika da ɗaruruwan ginshiƙai ƙasarsu a ƙarshen ƙarni na 17, wasu kuma aka kai su Ingila wajen 1817, suna tsaye yanzu a Virginia Water kusa da Windsor. Italiyawa ne suka tono garin tun daga shekarun 1920, a zamanin mulkin mallakar da ya rataye Umar Mukhtar a 1931, kuma wannan bai bar raina ba ina tafiya a titunan da suka share. Hukumar UNESCO ta sa Lebda cikin wuraren tarihi na duniya a 1982, ta kuma mayar da shi cikin jerin waɗanda ke fuskantar haɗari a 2016.

Da la'asar muka shiga gidan adana kayan tarihi da ke bakin ƙofar kufan. Akwai gumakan sarakuna da na abubuwan bautarsu, wasu ba kai, wasu ba hannu, da fitilun yumɓu, da tulunan man zaitun masu tsinin gindi, da kwabbai. Na fi daɗewa a gaban ƙananan akwatunan dutse da ake zuba tokar mamata, kowanne da sunan mai shi, wasu da Latin, wasu da rubutun Finiƙiya mai tafiya daga dama zuwa hagu. Sai kuma giwar da aka sassaƙa da mabul, wadda ke nuna cinikin haure da namun daji da garin ya yi da Rum. Wani ɓangare na wannan kaya ta Fezzan, yankin kudancin Libiya, yake fitowa, ta hannun mutanen da ake kira Garamantes. Masanin labarin ƙasa Ptolemy ya kawo labarin wani Julius Maternus da ya tashi daga Lebda a ƙarshen ƙarni na farko, ya bi sarkin Garamantes tafiyar wata huɗu kudu har wata ƙasa mai suna Agisymba inda karkanda ke taruwa, wadda masana da dama suke sanyawa wajen Tibesti, ko Azbin, ko tafkin Chadi.

Na ce, "Baba, ashe hanyar da muka biyo ta Sabha tun wancan zamani ake bin ta." Ya ce, "Tun wancan zamani, ɗana, kuma ta nan fataken Tarabulus da na Gadamus suka riƙa gangarowa Kano da raƙuma har zamanin kakanninmu." A hanyar komawa gida ya ba ni labarin yadda shi kansa ya ratso Sahara daga Agadas a ƙuruciyarsa, kuma da wannan labari zan ci gaba a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.