Abin da yoyon rigar nutso ya koya mini

A cikin kayan da ake kawowa gyara a wurin da na koyi aikin kayan nutso, babu wanda ya ba ni wahala kamar busasshiyar riga, wato wadda aka ƙera domin kada ruwa ya taɓa jikin mai nutso ko kaɗan. Ɗumin da take bayarwa yana fitowa ne daga iskar da ke cikinta da kuma tufafi masu kauri da ake sawa a ƙarƙashinta. Da yake ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska da kusan ninki 25, ɗan yoyon da ba a ɗauke shi a bakin komai ba yana iya sa mutum rawar sanyi har hannuwansa su kasa sarrafa kayan da ransa ya dogara a kansu. Wannan ne ya sa ban taɓa ɗaukar aikin a matsayin ƙaramin faci ba.

Rigar da ta fi koya mini darasi ta zo ne da ƙorafi guda: duk lokacin da mai ita ya fito daga ruwa sai ya tarar safar ƙafarsa ta hagu ta jiƙe sharkaf. Na karɓi maganar yadda ta zo, na duba takalmin da ke haɗe da rigar, na ga wani wuri da ya goge a diddige, na wanke shi, na shafa gam, na bar shi ya kwana. Bayan mako guda rigar ta dawo da ƙorafin farko, kuma mutumin ya ce dole ta sa ya katse nutsonsa saboda sanyi. Maganar ta dame ni ƙwarai, domin ni ne na tabbatar masa cewa an gama. Maigidana bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko na hura rigar kafin in taɓa gam, da na ce a'a sai ya ce: "Inda ka faɗi ka duba, ba ka duba inda ka yi tuntuɓe ba."

A nan ne na fahimci abin da ya kamata in fara da shi, wato cewa ruwa tafiya yake yi a cikin riga. Mai nutso yana kwance ne a cikin ruwa, don haka abin da ya shiga ta baya ko ta wuya yakan gangaro zuwa ƙirji da ciki, tufafin ciki su tsotse shi su baza. Idan kuma ya miƙe domin haurowa, ko ya tsaya a kan jirgi yana jiran a buɗe masa zif, sai komai ya taru a ƙafa. Jiƙaƙƙiyar safa shaida ce ta inda ruwan ya ƙare kawai.

Muka ɗauki rigar muka yi mata gwajin da na tsallake. Mun toshe wuyan da ƙwallo, muka cusa kwalabe a hannuwa biyu muka ɗaure, muka ja zif har ƙarshe, muka rufe bawul ɗin fitar da iska da ke damtsen hagu, sannan muka haɗa tiyo da bawul ɗin ƙirji muka hura har rigar ta tsaya da ƙarfi, ba tare da mun matsa wa ɗinkunanta ba. Daga nan na bi ta da ruwan sabulu gaɓa bayan gaɓa, ina riƙe da alli domin in zagaye duk inda kumfa ya tashi. Takalmin da na sha wahala a kansa bai nuna komai ba, haka gwiwoyi da tsakanin cinyoyi, waɗanda su ne suka fi shan guga. Har zif ɗin da ya ratsa kafaɗu ta baya ya tsaya shiru, na kusa in ce rigar lafiya take.

Maigidana ne ya sa hannu ya lanƙwasa kafaɗar hagu kamar yadda take lanƙwasuwa idan mutum ya miƙa hannu gaba, nan take wani siririn layin kumfa ya ɓullo a gefen haƙoran zif ɗin. Ƙyallen da ke riƙe da haƙoran ne ya tsage, tsagar kuma ba ta buɗewa sai an motsa. Har yau wannan ne ɓangaren da nake ganin masu koyo sun fi rasawa: riga a shimfiɗe kan tebur daban take da riga a jikin mutumin da ke juya wuya, yana lanƙwasa gwiwa, yana damƙar igiya. Irin wannan tsaga ba ta karɓar gam yadda za a amince da ita, don haka sabon zif muka sa, muka kuma nuna wa mai rigar yadda zai riƙa shafa wa haƙoran kaki, ya daina ninke rigar ta kan zif ɗin.

Daga baya na ga rigunan da suka ci kowane gwaji amma masu su na ci gaba da jiƙewa, kuma a nan tambaya ta fi sabulu amfani. Wani jijiyoyin wuyan hannunsa ne ke tasowa idan ya damƙi abu, sai su buɗe wa ruwa hanya a ƙarƙashin robar hannu, wato robar da ke manne wa wuyan hannu domin ta hana ruwa shiga. Maganinsa shi ne ya ja robar sama kaɗan zuwa inda hannun ya fi cika. Wata kuma gashinta ne ke shiga ƙarƙashin robar wuya. Akwai wanda zaren tufafin ciki ko ƙwayar yashi ta maƙale masa a bawul ɗin damtse ta hana shi rufewa, akwai kuma wanda babu ruwan da ya shige shi sam, zufarsa ce ta taru kamar raɓa a jikin rigar mai sanyi. Ana gane wannan da cewa danshin ya bazu ko'ina daidai wa daida, bai taru a gefe guda ba.

Yanzu idan aka kawo mini riga, kafin in buɗe jakarta nakan tambayi mai ita a wane minti ya fara jin sanyin ruwan, a wane sashe na jiki, kuma me yake yi a lokacin. Idan ya kasa tunawa, sai in roƙe shi ya sa siririyar riga mai launin toka a ciki, ya shiga ruwa marar zurfi na minti 5 yana motsa gaɓoɓinsa, ya fito a cire busasshiyar rigar a hankali. Launin toka yana duhu da zarar ya jiƙe, kuma a cikin wannan ɗan lokaci tabon bai riga ya bazu ba, don haka daga wurin nake fara shafa ruwan sabulu.