Cin abinci da arha a Kuala Lumpur: a ji farashi kafin a zuba a faranti

Kuala Lumpur gari ne da baƙo zai ci ya ƙoshi safe da rana da dare da kuɗin da bai wuce ringit 40 (kuɗin ƙasar Malesiya) ba, kuma abinci mai zafi, mai daɗi, na halal. Na tabbatar da haka lokacin da wani taron aiki ya kai ni Malesiya, na ƙara 'yan kwanaki da kuɗin aljihuna domin in ga gari. Sai dai a wannan garin ne kuma na biya ringit 86 a kan farantin shinkafa guda ɗaya, a wani shago mai kujerun roba da fanka a sama, kuma har yau idan abin ya faɗo mini sai raina ya sosu. Duk shawarar da zan bayar a nan daga wannan farantin ta samo asali.

Shagon na masu sayar da nasi kandar ne, abincin Musulmin Indiya 'yan Tamil da ya faro daga tsibirin Penang, inda a da ake yawon tallarsa a tukwane biyu da aka rataya a sanda a kafaɗa. Tsarinsa shi ne mutum ya shiga layi, a zuba masa farar shinkafa, ya riƙa nuna abin da yake so a bayan gilashi, mai zubawa kuma ya bi da ludayi yana ɗiban miya daga wannan tukunya da waccan har shinkafar ta nutse. Na ga waɗanda ke gabana suna karɓar soyayyar kaza da kuɓewa da kabeji suna biyan ringit 12 ko 13. Da layi ya zo kaina, mai zubawar ya ɗago manyan jatan lande guda biyu, kowanne ya kusa tsawon tafin hannu, ya dube ni yana murmushi, na gyaɗa kai. Ya sake ɗago wani naman teku da suke kira sotong, na sake gyaɗa kai, domin mutumin da ya taso nesa da teku yana son ya ɗanɗana abin da bai saba gani ba. Babu farashi a rubuce a jikin tiren, kuma shi bai ce uffan ba. Sai da na zauna na ci kusan rabi wani ma'aikacinsu ya zo ya leƙa farantin, ya rubuta lamba a 'yar takarda, ya ajiye mini a gefen kofi.

Da daddare na kira ɗan wata ƙanwata da ke karatu a jami'ar Musulunci ta ƙasa da ƙasa da ke Gombak, inda ɗalibanmu suke da yawa, na ba shi labari. Ya ce, "Kawu, ai su kansu 'yan ƙasar ba sa taɓa jatan lande da sotong da kan kifi a irin wannan shago sai sun tambaya, domin da girmansa ake yanke kuɗinsa, kuma mai shago ne ke yankewa." Na ce to me ya hana a rubuta? Ya ce wasu shagunan suna rubutawa a allo, wasu kuma abin da kawai suke sa wa a gaban naman teku shi ne kalmomin nan "farashin ranar". Na yarda cewa jatan lande mai wannan girma yana da tsada a ko'ina, kuma ban ce an yi mini sata ba. Abin da ya ci mini rai shi ne shirun da aka yi, domin wanda ya ɗago abin ya ga baƙo ne a gabansa, ya san bai san tsarin ba, kuma kalma ɗaya ta isa. Kuɗin abincin kwana biyu ya tafi a zama ɗaya, kuma ko daɗin abin ban ji ba bayan na ga takardar.

Washegari ya koya mini tambayar da ta wadatar da ni har na bar ƙasar, wato in nuna abu in ce "berapa?", nawa ne. Ba wanda ya taɓa ɓata fuska don na tambaya. Su ma haka suke yi.

Karin kumallo shi ne inda arhar garin ta fi fitowa. Tun da asuba mata suke kafa tebura a bakin titi da kusa da tashoshin jirgin ƙasa suna sayar da nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, a naɗe ta a ganyen ayaba da takarda tare da soyayyun ƙananan kifaye da gyaɗa da yankan ƙwai da kokwamba da miyar barkono da ake kira sambal. Ƙaramin ƙulli na saye shi ringit 2 zuwa 3, biyu kuwa suna riƙe mutum har azahar. Inda na fi jin daɗinsa shi ne Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da Turawan mulki suka keɓe musu tun wajen shekarar 1900, wadda har yanzu akwai gidajen katako a cikinta alhali tagwayen benayen Petronas suna tsaye daf da ita. Jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, na layin Kelana Jaya yana da tasha a unguwar, kuma daga ɓangaren benayen ana iya tsallakowa da ƙafa ta gadar Saloma da aka buɗe a 2020. Titin Raja Muda Musa cike yake da rumfunan abinci, kuma kusan duk masu su Musulmi ne, saboda haka mutum yana zama hankalinsa kwance. Ko a nan ɗin ma, da zarar mai sayarwa ta fara nuna ƙarin abin da za a ɗora a kan shinkafar, kaza ko huhun saniya ko sotong, sai in tsaya in tambaya. Kaza da huhu ƙari kaɗan ne, sotong kuwa na bar musu.

Wuri na biyu da ya riƙe ni shi ne shagunan mamak, waɗanda su ma na Musulmin Indiya ne, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, kuma a nan matasan gari ke taruwa kallon ƙwallon Ingila. Na ɗauki lokaci kafin zuciyata ta yarda in sake shiga irinsu, tunda dangin wancan shagon ne, amma da na ƙaurace musu da na yi asara babba. Roti canai, wata gurasa mai laushi da ake murza ƙullinta da mai a shimfiɗa shi siriri a soya a kan faifan ƙarfe, ana kawo ta da miyar wake da romon kori a kan ringit 2 ko ƙasa da haka. A haɗa da teh tarik, shayin madara da ake zubawa daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, duka ba su kai ringit 5 ba. Soyayyar taliya da soyayyar shinkafa kuma farashinsu a rubuce yake a allo, babu wani ɓoye-ɓoye. Gargaɗi ɗaya ga masu ciwon suga da waɗanda ba sa son zaƙi: madarar gwangwani mai suga ake zubawa a shayin da hannu sake, sai mutum ya ce "kurang manis" kafin a rage masa. Zaƙin bai tsaya a shayi ba, har miyar barkonon tasu akwai suga a ciki, kuma wannan ne abin da harshena ya fi daɗewa bai saba da shi ba.

Da rana hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya bi ma'aikatan ofis. Daga wajen ƙarfe 12 za a ga suna kwarara zuwa rumfunan nasi campur, inda ake jera tire ashirin ko fiye na kifi da kaza da ganyaye da wake da ƙwai, mutum ya zuba da hannunsa. Shinkafa da kaza guda da ganye iri biyu ban taɓa biyan fiye da ringit 11 a kansu ba, musamman a lungunan Chow Kit, kusa da babbar kasuwar kayan miya, da kewayen titin Masjid India. Sai dai tsarin lissafin irin wancan ne, wato mai rumfa ce ke duban faranti ta faɗi kuɗi. Dabarar da na ɗauka ita ce in kai mata farantin ta yanke kuɗin kafin in zauna, lokacin da cokali bai taɓa komai ba. Wanda ya makara har bayan ƙarfe 2 saura zai tarar, kuma ranar Juma'a yawancin rumfunan Malayawa suna tsayawa har a sauko daga masallaci. A waɗannan rumfuna na haɗu da petai, wani koren wake mai ƙarfin wari da ake soyawa cikin sambal. Bishiyarsa 'yar'uwar ɗorawa ce, dangi ɗaya suke, kuma wanda ya saba da daddawa a miya ba zai guje shi ba.

Batun halal yana bukatar a yi shi dalla-dalla, domin mutanenmu da yawa suna sauka da tunanin cewa tunda ƙasar Musulmi ce komai ya halatta. Kuala Lumpur gari ne na Malayawa da 'yan asalin Sin da 'yan asalin Indiya, kuma a abincin 'yan Sin naman alade da kitsensa suna shiga har cikin taliyar da ba a ganin nama a kanta. Hukumar gwamnati mai kula da harkokin Musulunci, JAKIM, ce ke ba da shaidar halal, tambarinta yana manne a ƙofar shagunan da suka samu. Rubutun da wasu shaguna ke yi cewa ba su da alade ba daidai yake da wannan shaida ba, domin bai ce komai a kan yanka ko giyar da ake sa wa a girki ba. Ƙananan rumfunan Malayawa kuma galibi ba su da takardar, amma masu su Musulmi ne kuma Musulmi ne cike a teburansu, ni dai da wannan na yi aiki. Titin Petaling na unguwar 'yan Sin wurin zagayawa ne da sayen tsaraba, amma ban ci komai a can ba sai 'ya'yan itace.

Titin Alor da ke Bukit Bintang shi ne wanda kowane direban tasi zai ce a kai baƙo, kuma da daddare yana da kyan gani. Shawarata ita ce a je a gani, a ci abinci a wani wuri. Yawancin shagunan suna sayar da alade da giya, kuma abin da suka fi tallatawa shi ne kaguwa da jatan lande da manyan kifaye waɗanda ake sayarwa da awo. Na karɓi takardar abincin wani shago na duba, sai na ga lambar da ke gaban kifin ta giram 100 ce, ba ta kifin gaba ɗaya ba, an rubuta hakan da ƙananan haruffa. Da ba a riga an ƙona ni ba, da ban lura ba. Haka kuma gidajen abinci masu ma'aikata da rasit sukan ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima da kashi 6 na haraji a kan abin da aka rubuta, abin da babu shi a rumfunan bakin titi. Gidajen abincin Larabawa da ke wannan unguwa halal ne, kuma mutanenmu suna yawan fakewa a can saboda shinkafa da naman rago abu ne da aka sani, amma faranti ɗaya yana cin kuɗin yini guda na wanda yake ci a rumfa.

Brickfields, unguwar Indiyawa da ke bayan babbar tashar KL Sentral, tana da shagunan da ba sa dafa nama kwata-kwata. Ana shimfiɗa ganyen ayaba a zuba shinkafa da ganyaye da miyar wake, a ci da hannu, kuma a yawancinsu ana ƙara shinkafa da miya ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Da yamma kuwa satay ne abin nema. Tsire ne ƙanana na kaza ko na saniya, sai dai maimakon a barbaɗa masa garin ƙuli-ƙuli, ana tsoma shi ne a miyar gyaɗa mai ɗan zaƙi, a haɗa da albasa da kokwamba da curin shinkafa. Da tsinke ake ƙirga shi, na saya a kan ringit 1 da 'yan kai kowane tsinke, saboda haka mutum ya san abin da zai biya tun kafin a ɗora a wuta, kuma wannan kaɗai ya sa na ƙaunace shi. Garin Kajang ne ya yi suna a kansa, jirgin ƙasa na MRT yana zuwa har can, amma na Kampung Baru ma bai bar komai ba. Wanda Asabar ta riske shi a gari ya je kasuwar dare ta lungun Tuanku Abdul Rahman, ya tafi da ƙananan takardun kuɗi a hannu, domin masu rumfa da yawa ba sa karɓar katin banki na waje. Wanda ya zo da azumi kuma zai tarar da kasuwannin buɗa-baki a kowace unguwa daga la'asar, kuma babban masallacin Kampung Baru yana raba faten shinkafa mai nama da kayan ƙamshi kyauta ga duk wanda ya zo.

Durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙarfin wari wanda otal-otal da jiragen ƙasa suka hana shiga da shi, shi ma da kilo ake sayar da shi, har da nauyin ɓawonsa, kuma irin da ake kira Musang King ya ninka na gama-gari sau da yawa. Mai rumfar da na tsaya a wurinsa ya riga ya ɗora wuƙa a kan wani babba zai fasa, na ɗaga hannu na tsayar da shi, na sa ya ɗora a sikeli ya faɗi kuɗin. Da na ji lambar sai na ce ya mayar, na sayi ƙaramin mazubi na wanda aka riga aka ɓare, mai farashi a manne a jikin murfinsa, ringit 15, na zauna a bencinsa na cinye a nan tunda ba a shiga da shi masauki.