Rokar Kwali Mai Shekaru da Tashar Kano da Muka Manta

Assalamu alaikum jama'ar Kano, iyayena da yayyena da ƙannena. Ina miƙo gaisuwa daga jihar Kolarado ta Amurka, da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya kasuwa.

Wata 'yar leda ce ta sa ni rubuto muku. A nan idan dattijo ya rasu, iyalinsa kan buɗe gida su sa wa kayansa kuɗi, kowa ya shiga ya zaɓa. A irin wannan gwanjon na tsince ta a ƙasan wani kwali, ta yi ja saboda daɗewa, ba a taɓa farke ta ba. A ciki akwai bututun kwali, da hular katako, da falle ɗaya na katakon balsa mara nauyi, da laimar sauka a naɗe, da takardar bayani. Kayan haɗa ƙaramar roka ne na kamfanin Estes, samfurin Big Bertha wanda ya fara fitowa a 1965.

Wani abokin aikina da ke tara irinsu ya ce kada in kuskura in buɗe. A wurinsu darajar tsohuwar leda tana cikin rufinta, da an farke ta kuɗinta ya faɗi. Na fahimce shi, don da ba masu adanawa irinsa da tuni waɗannan kaya sun ɓace. Amma sai da na yi mako guda ina kallon ledar a kan tebur, ina tuna wanda ya saye ta yana fatan wata rana zai ga ta tashi, har ya koma ga Allah bai samu sarari ba. Ranar Asabar na sa reza.

Wannan wasa daga jini ya samo asali. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, a Oktoban 1957, samarin Amurka suka ruɗe da son roka, suna cusa kan ashana da sinadarai cikin bututun ƙarfe, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu. Wani mai shagon takalma a Nebaraska, Orville Carlisle, ya ƙera ɗan injin da ake yi a ma'aikata, a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Shi da G. Harry Stine, wanda ya yi aiki a filin gwajin rokoki na White Sands, suka tsara wasan yadda yaro ba zai taɓa haɗa albarushi da hannunsa ba. Vern Estes kuwa ya ƙera na'urar da ke fitar da injinan da yawa, ya sa mata suna Mabel, ya kafa kamfaninsa a 1958, sannan a 1961 ya mayar da shi ƙauyen Penrose na wannan jihar da nake.

To a wannan shekarar ta 1961 ina Kano take? Tana cikin maganar tsundum. Amurkawa sun kafa tashoshin bibiyar kumbo a sassan duniya don shirinsu na aika mutum sararin samaniya mai suna Mercury, ɗaya a Kano, ta gaba da ita a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 da ɗan sama-jannatinsu John Glenn ya kewaya duniya sau uku, tashar Kano na cikin masu sauraron kumbonsa idan ya ratso sararin Afirka. Na yi firamare da sakandare a birni, babu malamin da ya taɓa faɗa mana wannan. Sai a nan na ji, daga bakin wani tsoho mai farin gashi da ya tambaye ni garinmu, na ce Kano, ya dafa kafaɗata. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo.

Haɗin ya ɗauke ni makonni uku, da daddare bayan isha'i. Tsofaffin kaya ba a yanko maka fukafukai, kai za ka ɗora zanen takarda a kan balsa ka bi shi da reza, kuma dole jijiyar katakon ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba iska ta karya shi. Huɗu ne. Na goge su da samfefa har ƙurar ta yi laushi kamar garin alkama, na manna ɗaya bayan ɗaya da gam ɗin kafinta, ina leƙa bututun da ido ɗaya don kada wani ya karkace. Robar da ke riƙe hula da jiki ta bushe, ina taɓa ta ta ruguje, sai na sa sabuwa. Laimar ta manne da kanta, da hoda na lallaɓa ta ta buɗe.

Ina cikin wannan aikin hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Motar kara! Yadda muke fere kara a ƙofar gida, mu yanko langa-langa, mu yi taya da tsohon silifa. Wallahi hannu ɗaya ne, haƙuri ɗaya ne. Bambancin kawai shi yaron Amurka an rubuta masa dalili a takarda: nauyi ya rinjayi gaba, fukafukai su zauna can baya, sai roka ta miƙe kamar kibiya. Har gwaji ake yi, a ɗaure ta da zare daidai inda nauyinta ya daidaita a juya ta sama da kai. In hancinta ya bi gaba, ta yi.

Injin da na sa sabo ne, an rubuta masa C6-5. Harafin na nuna jimlar ƙarfinsa, kowane harafi ninkin wanda ya gabace shi ne, 6 ɗin matsakaicin turi ne, 5 ɗin kuma daƙiƙun da zai jira bayan ya ƙone kafin ya tunkuɗo laima. Da batir da doguwar waya ake kunna shi daga nesa, a fili na ƙungiyar masu wasan, bayan an ƙirga daga biyar. Big Bertha tana da jiki, tsawonta kusan santimita 60, shi ya sa a natse take tashi, ido na iya bin ta. Ta yi sama da farin hayaƙi har ta koma kamar tsinke, ta ɗan tsaya, sai na ji "fat", laimar da ta shekara da shekaru a naɗe ta buɗe. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ƙannena, don Allah ku saurare ni a nan. Kada wanda ya karanta wannan ya je ya cusa albarushi ko kan ashana a bututu. Abin da ya nakasa yaran Amurka ke nan, kuma a halin tsaron da ake ciki duk abin da ya yi ƙara ya tashi sama zai jawo wa mutum da iyayensa fitina. Ku fara da ruwa. Gorar lemo ta roba, ruwa kashi ɗaya cikin uku, fukafukan kwali, toshe da famfon keke, a filin makaranta gaban malamin kimiyya. Dokar da ke ɗaga ta ita ce ta ɗaga babbar rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969.

Injinan nan ba a shiga jirgin fasinja da su, don haka in Allah ya kai mu hutun Sallah jikin rokar kawai zan zo da shi, fiffike ɗaya da ɗan tabon ƙasa a inda ya sauka. Zan kai ta makarantar da na yi, yara su riƙe ta su ji rashin nauyinta. In kuma akwai dattijon da ya yi aiki a tsohuwar tashar nan, direba ko maigadi ko mai gyaran janareto, a yi mini iso, ina so in je har gida in durƙusa in gaishe shi.

Naku,
ɗan birni a Kolarado