Talata, ranar da na je tambayar kuɗin inshorar rai

Yau ban buɗe shago ba sai bayan Azahar. Tun da maƙocina na Kofar Ruwa ya rasu a hatsarin hanyar Zariya zuciyata ba ta kwanta ba, yara biyar ya bari, kuma da idona na ga yadda aka yi ta haɗa dubu biyu dubu uku a wajen zaman makoki don a biya musu kuɗin haya. Shi ya sa na shirya na tafi ofishin wani kamfanin takaful, tunda malaminmu ya ce inshorar da aka saba akwai kuɗin ruwa da garari, wato rashin tabbas, a ciki, ita kuwa takaful taimakon juna ce.

Wani yaro mai fara'a ya karɓe ni, ya ce Alhaji shekarunka nawa, na ce 43. Kana shan taba? A'a. Hawan jini fa? Nan na yi shiru, don shekara biyu kenan ina shan magani. Ya ajiye biro ya ce to gaskiya kuɗin zai ɗan hau, domin da shekaru da lafiya da irin sana'a da yawan kuɗin da kake so a ba iyali ake yanke farashi, kuma sai likita ya duba ni tukuna. Wai da na zo ina ɗan 30 da abin ya zo da sauƙi sosai, wallahi maganar nan ta tsaya min a rai, lokacin ina da ƙarfi da kuɗi amma ko tunanin abin ban taɓa yi ba.

Ya nuna min tsari biyu. Na farko kariya ce zalla, ka biya kaɗan, in wa'adi ya cika kana raye ba wani ajiya da za ka karɓa. Na biyu kuɗinka ake rabawa gida biyu, wani kaso ya shiga asusun tabarru'i wanda daga ciki ake biyan iyalan waɗanda suka rasu, sauran a juya maka shi ta hanyar halal. Na biyun nake so, amma lissafin da ya yi min ya kai 15,000 duk wata, ni da kasuwa ke tafiya yau da ciniki gobe babu. Na tambaye shi, miliyan 5 ɗin da za a ba iyali in na rasu, nan da shekara 15 me za ta saya? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga yadda naira ta koma. Bai ɓoye min ba, ya ce sai dai in riƙa ƙara abin da nake zubawa.

Da yamma na kira Yaya. Ya ce shi wurin aiki ne suke masa, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashin shekara. Mu 'yan kasuwa ba mai yi mana sai kanmu.

Da na ba maman yara labari sai ta ɓata rai, ta ce Baban Ummi don Allah ka daina kiran mutuwa a gidan nan. Na ce ba kiranta nake ba, makarantar Ummi nake tunani. Ta jima ba ta ce komai ba, can ta ce in rage adashin da nake zubi a kasuwa in ga ko zai isa. Fom ɗin yana cikin durowa, jibi zan je a auna min jini.